Lambar Halliru Ta Fi Ƙarfin Habboba

A kwalejin nan ta Soba a ƙasar Sudan, wadda ba sai an kama sunanta ba, akwai wata tsohuwar na'ura a ɗakin ƙasa da ma'aikata ke kira Habboba, wato kaka. A cikinta malamai ke ajiye duk abin da suka rubuta, tun daga darasi har tambayoyin jarrabawa. An sayo ta tun kafin takunkumi ya matsa wa ƙasar, kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da watsewa, kuma mai jinyarta ita ce Khadiga. Khadiga 'yar Umdurman ce, jikar Hausawan da suka taso aikin hajji a ƙafa suka yada zango a bakin Nilu, har yau ba a ɗaga zangon ba. A ofis bashmuhandisa ake ce mata, kamar kowace injiniya. A gida Dije ce.

Ciwon Habboba ba ɓoyayye ba ne. Ita na'ura ba ta san suna ba. Ko kai ne shugaban kwaleji ko mai gadin ƙofa, lambarka kawai ta sani. To a can cikin kanel, wato cibiyar manhajar da ke juya na'urar, gurbin da aka tanadar wa lambar mutum bit goma sha shida ne, ba ya ɗaukar abin da ya haura 65,535. In aka miƙa mata lambar da ta wuce nan ba za ta ce uffan ba, sai ta zagayo ta fara ƙirga daga tushe, yadda agogo ke komawa ɗaya bayan sha biyu. Duniya ta daɗe da faɗaɗa wannan gurbi zuwa bit talatin da biyu. Habboba ce aka bari a baya.

Da an bi ƙirga yadda take, ɗaya, biyu, uku, har a tashi duniya kwalejin ba za ta kai dubu sittin da biyar ba. Amma ofishin rajista yana da wata al'ada: ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa, lambarsa daga dubu saba'in take farawa, don da an kalle ta a san baƙo ne. Wa ya kawo wannan tsari? Oho. Kowa ya tarar ana yi. Shekara da shekaru abin bai cuci kowa ba, saboda baƙin ba a ba su wuri a cikin Habboba. A filasha suke yawo da aikinsu, in ta lalace su yi zugum su sake sabo.

Khadiga ta hango inda abin zai kai tun da wuri. Ta zauna ta bi kanel ɗin layi-layi, ta faɗaɗa gurbin a duk inda lamba ke ratsawa: inda ake tambayar mutum ko shi wane ne, inda ake rubuta mai fayil a kan faifai, har da tsofaffin manhajojin da suka saba da ƙaramin gurbi ta bar musu hanyarsu don kada su karye. Ta gwada a wata ƙaramar na'ura har ta gamsu. Ta rubuta yadda za a ɗora gyaran dalla-dalla, ta ajiye inda abokin aikinta Husam zai gani, ko da ciwo zai kama ta. Abin da ya rage kawai a kashe Habboba wuni guda, shi kuwa sai da izinin shugaban sashe, Ustaz Ammar.

Ustaz Ammar mutum ne mai fara'a, mai ƙamshin turare, wanda bai taɓa ce wa kowa a'a ba. Kullum ta je, amsarsa ita ce: bayan rajista, ya bashmuhandisa. Bayan Idi. Bari baƙin nan na ma'aikatar ilimi su zo su tafi. Haka ya yi ta ja mata rai. Sannan rana ɗaya, don a samu abin rubutawa a rahoton shekara cewa kwaleji ba ta nuna bambanci, ya sa aka buɗe wa baƙin ɗalibai 'yan ajin ƙarshe wuri a cikin Habboba. Khadiga ta gargaɗe shi a baki, a kan kofin shayi, yadda ake komai a wurin. Ya yi dariya ya ce shekara nawa na'urar nan tana aiki, wa ta taɓa cinyewa?

To ga wanda ta cinye.

Wata Laraba da hantsi Khadiga na zaune ƙarƙashin dalbejiya wurin mai shayi, sai wani ɗalibi ya tsaya nesa kaɗan ya yi sallama da Hausa. Halliru ne, mutumin Tasawa ta Nijar, ɗan ajin ƙarshe a fannin gwaje-gwajen asibiti. Tun ranar da ya ji tana waya da mahaifiyarta da Hausa ya maƙale mata da Yaya. Dogo ne siriri, mai tafiya kamar yana tsoron taka ƙasa da ƙarfi, kuma ranar fuskarsa ba ta da kyau.

"Yaya Khadiga, an rufe mini lamba. An ce ranar Lahadi in bayyana gaban kwamitin ladabtarwa."

"Kai? Me ka yi?"

Ya ba ta labari, kansa a ƙasa. Ya je ɗakin kwamfuta karon farko zai ajiye babi uku na bincikensa. Da ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa ya ajiye, sai ya tarar da tarin takardun da ba nasa ba. Ya buɗe ɗaya don ya ga mene ne, ashe tambayoyin jarrabawar Dakta Abdulmun'im ne, jarrabawar da shi kansa zai zauna. Ya rufe maza, ya tashi bai zame ko'ina ba sai ofishin Dakta, ya ce masa ga abin da ya gani, a yi wani abu kada wani ya gani.

"Sai ya ce me?"

"Sai ya miƙe tsaye yana faɗa. Wai wa ya ba ni kalmar sirrinsa."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na durƙusa na ba shi haƙuri."

Khadiga ta ajiye kofinta. "Haƙurin me, Halliru?"

"Ransa ya ɓaci, Yaya. Malamina ne."

Ta san wannan durƙuson, a gidansu ta tashi ta gan shi. A Tasawa in babba ya hau faɗa, kai ƙarami sai ka fara sanyaya masa rai ko da kai ke da gaskiya. Ita gaskiyar daga baya za ta zo, ta bakin wani babban. Ba amsa laifi ba ne. Amma a Soba, ƙato ya sa gwiwa ƙasa a ofis yana cewa a gafarce shi, ai magana ta ƙare, shi ya yi. Haka kuwa Dakta ya rubuta wa kwamiti: ɗalibi ya zo da ƙafarsa ya amsa laifinsa ya nemi afuwa.

"Mece ce lambarka?"

"70,012."

Ba ta ƙarasa shayin ba. Ta sauka ɗakin ƙasa tana yin lissafin a ka. A cire 65,536 daga lambar Halliru, saura 4,476. Ta duba mai 4,476, duk da ta san abin da za ta gani. Dakta Abdulmun'im ne. A wurin Habboba shi da Halliru mutum ɗaya ne. Abin da ya fi ci mata rai, bayanan shiga da fita ma da guntuwar lambar aka rubuta su, suna nuna lambar Dakta ta buɗe takardu daga kujerar da Halliru ya zauna. Duk wanda bai san cikin na'urar ba, in ya ga haka zai rantse sata aka yi.

Kuma ba ƙaramin abu ne a gaban Halliru ba. Hukuncin satar jarrabawa kora ce. Takardar zamansa a ƙasar da kwalejin take ɗaure, in an kore shi sai ya tattara ya bar Sudan, shekara huɗu ta tafi a banza ana saura 'yan watanni ya gama, ga ɗan asibitin garinsu ana jiran ya dawo ya riƙe ɗakin gwaji. Duk don me? Don wani mai ƙamshin turare ya ƙi yarda a kashe na'ura wuni guda.

Ranar Alhamis da safe ta tare Ustaz Ammar tun bai zauna ba. Ba ta tsaya dogon bayani ba, ta ce ya biyo ta ƙasa. A gabansa ta ɗauki lambarsa shi kansa, ta ƙara mata 65,536, ta buɗe sunan gwaji da sabuwar lambar, ta shiga. Sai ga takardunsa baje a kan allo, har da wasiƙar neman ƙarin girma da bai gama rubutawa ba. Ustaz ya sha jinin jikinsa. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Gyaran nan naki a shirye yake?"

"Tun bara."

"To gobe Juma'a babu kowa. A kashe ta a ɗora."

Gaskiya sai da ta ji daɗi, na ɗan lokaci. Wata da watanni tana roƙon wannan kalma. Har ta buɗe baki za ta ce to, sai ta dubi fuskarsa, ta ga ba ita yake kallo ba, allon yake kallo.

"Ustaz, in na ɗora gobe, me zan nuna wa kwamiti ranar Lahadi? Da an gyara, shi ke nan ciwon ya ɓace. Faifan ma zai sauya tsari, ba komawa baya."

"Ba sai an nuna komai ba, ya bashmuhandisa." Ya sassauta murya, irin ta masu sulhu a gidan makoki. "Dakta babban mutum ne, ya riga ya rubuta abin da ya rubuta. Mu ma sashenmu yana da mutuncinsa. Za mu yi wa yaron sutura. Babu 'yan sanda, babu kora a takarda, sai ya janye da kansa. Ƙasarsu ma akwai makarantu."

Ji wata magana don Allah. Mutum ya ga ɓaraka ya ruga ya faɗa, sakamakonsa a rufa masa asiri a kan satar da bai yi ba, kuma a jira ya yi godiya. Khadiga ta gyara tob ɗinta, wato lafayarta, a kafaɗa don hannunta ya samu abin yi.

"Suturar wa, Ustaz? Shi ai ba tsirara yake ba."

Bai ji daɗin maganar ba, amma ya shanye. Ya ce to ita yanzu so take a bar tambayoyin jarrabawa a buɗe har Lahadi, duk baƙon da ya ga dama ya leƙa? Ta ce wannan mai sauƙi ne, a dakatar da lambobin baƙin gaba ɗaya zuwa Lahadi. A gabansa ta yi, ta ɗauki hoton bidiyon gwajin a wayarta, ta goge sunan gwajin. Ta ce gyaran ba zai hau ba sai kwamiti ya gani da idonsa, bayan nan ko a ranar ne ta ɗora.

Ustaz Ammar ya yi murmushi. "Yadda kika ga ya dace."

Daga nan ta haura wurin shugabar kwamitin, Farfesa Wafa, mace mai kaifi wadda ba ta son surutu. Farfesa ta saurare ta tana duba agogo, ta ce ita ba ta san bit ba, ba ta san kanel ba, kuma takardar Dakta tana gabanta. Amma in har akwai abin gani da ido, za ta sauko da kwamiti ɗakin ƙasa ranar Lahadi kafin a yanke komai. Khadiga ta fito da sauƙi a ranta. Ta yi zaton mai wuyar ta wuce.

Ranar Juma'a ake bikin sunan ɗan yayanta a Umdurman, ta ce wa Halliru ya zo. Mota biyu ya hau daga Soba kafin ya ƙetare gada, ya iso gidan ya cika, maza a rumfa a waje, yayan nata yana juya naman agashe a kan garwashi, mata a ciki ana kwasar tuwon asida. Khadiga ta kai shi gaida kakarta Hajja Karima. Halliru ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya zube ƙasa, ya jero gaisuwa, ina gajiya, ina gida, yaya ƙarfin jiki, bai ɗago ido ba ko sau ɗaya. Tsohuwa ta rasa inda za ta sa kanta don daɗi.

"Dije, wannan ɗan gidan mutunci ne. Rabon da a gaishe ni haka tun mijina na da rai. Ku 'yan yanzu sai dai a tsaya a kaina a ce keef ya habboba, wai yaya kike kaka."

"Mutuncin ne zai kore shi daga makaranta, Hajja."

Khadiga ta ja shi gefe bayan an ci abinci, ta zaunar da shi a kan benci kusa da randunan ruwa. Ta ce jibi abu biyu take so ya faɗa, a tsaye, idonsa cikin idon Farfesa. Na farko: ban ɗauki kalmar sirrin kowa ba. Ya faɗa, sumul. Na biyu: abin da Dakta ya rubuta ba haka aka yi ba.

Halliru ya hau murza hularsa.

"Faɗi mana."

"Yaya, mutumin nan shekara uku yana koyar da ni. Da azumi a ƙofar gidansa muke shan ruwa, mu baƙi, shi da kansa yake zuba mana. In tashi cikin mutane in ce ya faɗi abin da ba haka ba?"

"To haka ne?"

"Ai na durƙusa ɗin. Na kuma ba da haƙurin."

"Amma ba ka yi satar ba."

"Ban yi ba. Ke dai ki nuna musu na'urar, in suka gani ba sai na kunyata kowa ba. Shi ma Dakta zai gane da kansa."

Ta yi tsaki, ta ce Allah ya shirye shi. Haushinsa take ji, tausayinsa take ji, ta rasa wanne ya fi. Amma a ranta ta yarda da shi: na'urar ta isa shaida. Tana can tana fama da tukwane da baƙi har la'asar, wayarta na cikin jaka a ɗakin Hajja. Da ta ɗauko ta ga Husam ya neme ta. Ta kira, ba a ɗauka ba. Ta ce a ranta ƙila wuta ce ta ɗauke yana tambayar mabuɗin janareta, kamar kullum. Asabar ta tafi a wanke-wanke da mayar da kujerun maƙwabta.

Ranar Lahadi an rufe gada ɗaya, motoci suka cushe a ɗayar, ta iso a makare. Ta tarar kwamiti ya riga ya sauka ɗakin ƙasa: Farfesa Wafa, malamai biyu, magatakarda da takardunsa, Dakta Abdulmun'im ya harɗe hannu a ƙirji, Ustaz Ammar a gefe cikin farar jallabiya. Halliru yana tsaye jikin bango. Husam yana can bayan na'urori, da suka haɗa ido ya yi mata wani murmushi da ba ta gane kansa ba.

Ba ta ko ajiye jaka ba ta fara. Ta yi bayanin gurbi da agogo, ta rubuta lambobin biyu a allo ta yi ragin a gabansu. Ɗaya daga cikin malaman ya gyaɗa kai. Sannan ta nemi izini ta buɗe lambar Halliru, ta ce ya zo ya shiga da hannunsa.

"Yanzu za ku ga takardun Dakta sun fito," in ji ta.

Halliru ya zauna ya buga sunansa da kalmar sirrinsa. Allo ya buɗe. Babi na ɗaya, babi na biyu, babi na uku. Ba komai sai aikinsa.

Khadiga ta sunkuya ta karɓi madannan. Ta tambayi na'urar lambar wanda ke ciki. Na'ura ta amsa 70,012, cikakkiya, ba ragi. Ta tambaye ta wane kanel ke gudana. Sunan da ta gani nata ne, wanda ta raɗa wa gyaran da hannunta. Ta ɗago ta dubi Husam, murmushin nasa ya fara gushewa. Ta juya ga Ustaz Ammar.

"An ɗora gyaran."

"An ɗora, alhamdu lillahi," in ji Ustaz, yana fuskantar kwamiti. "Aikin sabuntawa ne da muka daɗe da tsarawa, muka ga Juma'a ta fi dacewa tunda babu kowa. Aikin bashmuhandisa ne kuwa, kuma ina shaida muku aiki ne mai kyau."

"Ranar Alhamis a nan wurin na nuna maka takardunka da lambar gwaji. Ka ce in yi yadda na ga ya dace."

"Kin nuna mini wani gwaji, ƙwarai. Ku injiniyoyi da mabuɗin komai a hannunku, me ba za ku iya buɗewa ba? Ni ban san ya shafi maganar ɗalibin nan ba."

Ko kunya babu, ko ƙifta ido. Khadiga ta fito da wayarta ta miƙa wa Farfesa hoton bidiyon. Farfesa ta kalla har ƙarshe, ta mayar mata. Ta ce ita ta ga allo da rubutu, ba ta san na wace na'ura ba ne ko wace rana, kuma ai ke kika ce mu sauko mu gani da idonmu. Khadiga ta ce to a mayar da tsohon kanel ɗin na awa ɗaya. Tana faɗa ta san ba zai yiwu ba, Ustaz kuwa ya riga ta: faifan ya sauya tsari, ita da kanta ta rubuta cewa ba komawa baya, a taɓa shi ana gab da jarrabawa aikin malamai duka yana iya salwanta. Ta ce akwai ƙaramar na'urar gwaji, a can za ta nuna. Dakta Abdulmun'im ya buɗe baki karo na farko, ya ce shi takardunsa ba a ƙaramar na'ura aka buɗe su ba.

"Lissafin fa?" in ji Khadiga cikin takaici. "Ku duba allo. Cikin dubban lambobi, a ce tasa da ta Dakta tazararsu ta faɗo daidai inda gurbin ke cika, kuma ku ce sata ce? Wane ɓarawo ne zai yi sata ya tafi ofishin mai kaya ya ba shi labari?"

Farfesa Wafa ta dubi allon ta daɗe. Ba muguwa ba ce, kuma a fuskarta an ga lissafin ya taɓa ta. Ta juya ga Halliru.

"Ɗana, matso. Ka ɗauki kalmar sirrin Dakta?"

"Ban ɗauka ba, Farfesa."

"Dakta ya rubuta cewa ka zo ofishinsa ka amsa laifi ka nemi gafara. In ba haka aka yi ba, faɗa mini yanzu a gabansa, ni kuma in dakatar da zaman nan in sa a sake bincike. Abin da Dakta ya rubuta gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne?"

Ga ƙofa an buɗe masa. Khadiga ta kafe shi da ido. Da Hausa ta ce, a hankali, "Halliru, faɗi." Ya ɗago kai, ya dubi Dakta, dattijo mai furfura da ya tsaya yana jiran a ƙaryata shi gaban abokan aikinsa. Leɓen Halliru ya motsa. Sannan idonsa ya koma ƙasa.

"Farfesa, ba zan iya cewa malamina ya yi ƙarya ba."

Magatakarda ya sunkuya ya rubuta. Farfesa ta ja numfashi ta rufe fayil ɗin gabanta. Ta ce bayanan na'ura sun nuna abin da suka nuna, lahanin da aka ce akwai ba a gan shi ba, ɗalibi kuma bai musa takardar malaminsa ba. Saboda kyawun halinsa a baya, kwamiti ba zai rubuta kora ba, an ba shi dama ya janye da kansa kafin ƙarshen mako. Ustaz Ammar ya ce wannan adalci ne da rahama. Suka haura ɗaya bayan ɗaya, Halliru a ƙarshe, ya matsa gefe sai da manya suka gama wucewa.

Aka bar Khadiga da Husam. Ya fito daga bayan na'urori yana murza hannu. Ya rantse Ustaz ne ya kira shi Juma'a da safe ya ce ta amince, sha'anin suna ne ya riƙe ta. Ya neme ta a waya don ya tabbatar bai same ta ba, shi kuwa a ɗakin ƙasa waya ba ta kamawa. Ya bi abin da ta rubuta layi-layi, ko sau ɗaya bai tsaya ba. Wai shi a zatonsa yau za ta yi murna.

Aikin nata ne, kuma da akwai kuskure ko ɗaya a cikinsa, da Husam ya maƙale ya bari sai ta zo.

Kafin azahar saƙo ya sauko daga ofishin Ustaz Ammar: a sake buɗe wa baƙin ɗalibai lambobinsu tunda yanzu babu matsala, a soke ta wanda ya janye. Khadiga ta buɗe na sauran. Da ta zo kan ta Halliru ta ɗauke hannunta daga madannan, ta ce ba da hannunta ba. Husam ya ja kujera ya zauna, bai ɗauke shi komai ba. Ya tambayi na'urar don ya tabbatar. Habboba, wadda yanzu ke da wurin mutum biliyan huɗu da ɗoriya, ta amsa cewa babu mai lamba 70,012.